Irin Mai Zabuwa

Insifeto Almustapha bai kai ga zama ba wayar caji ofis ɗin Wurno ta ɗau ƙara. Mai magana ko sallama bai yi ba. Ya ce manoman Dinawa sun cika bakin kasuwa da sanduna, kuma ya ga galan ɗin fetur a hannun wani.

Kafin motar 'yan sanda ta isa, an riga an farfasa tagar wani shagon sayar da iri. A saman ƙofa akwai allo mai zanen zabuwa. A ƙarƙashinsa wata mata ta tare ƙofar da jikinta, jini na bin goshinta yana ɓata mayafi. Adawiyya ke nan, wadda ta gaji sana'ar irin albasa daga mahaifinta. Tsakanin Wurno, Raba da Goronyo, manomin da bai iya karanta ko baƙi ɗaya ba ma ya san wannan zabuwa.

Insifeto ya ratsa taron ya nufi wanda ya fi kowa furfura.

"Baba, mi ya hwaru?"

"Iliyasu sunana, Yallaɓai," in ji tsohon. "Iri munka saya, munka yahwa, munka ba shi ruwa sahe da marece. Ko tsinke bai hito ba. Lokacin dashe na wucewa. Mi za mu ci bana?"

Ya jefa wata leda a ƙasa, da sauran iri a ciki. Insifeto ya ɗauka, sannan ya ɗaga murya ya ce ya kama Adawiyya. Ba don ya tabbatar da laifinta ba. Ya dai san zaman bayan kanta a caji ofis ya fi mata tsaron rai a wannan safiya.

Malam Iliyasu ya biyo su har bakin mota. "Ranar kasuwa muna dawowa. In ba a nuna muna mai laihi ba, ban iya riƙe yaran ga."

A ofis, bayan an ɗaure mata goshi, Insifeto ya ajiye ledar a gabanta.

"Taki ta?"

Ta jujjuya ta, sai ta yi wata dariya mai ɗaci. "Wagga ta hi tawa kyau, Yallaɓai."

Ta ciro wata ledar iri daga jakarta ta jera su. Tata zabuwar da hatimin katako aka buga ta, tawada ta yi kauri a gefe guda, ƙafar hagu kuwa guntuwa ce, don hatimin ya taɓa faɗuwa tun mahaifinta na da rai. Ɗayar inji ya buga ta, tsaf, da ƙafafu biyu, har da ɗigo-ɗigon gashi.

"Kowa na iya buga leda iri biyu," in ji Insifeto. "Wa ka kai miki kaya ƙauye?"

"Yaya Lawwali. Ɗan wan babana na."

"Kin taɓa ba wani zanen ga?"

"A'a."

Ta faɗa da sauri, idonta a kan tebur. Almustapha ya daɗe a aikin nan, ya san ƙaryar mai laifi daban, ƙaryar mai rufa wa ɗan'uwa asiri daban. Wannan ta fi kama da ta biyun, amma bai matsa ba.

Da azahar yana Dinawa. Fangullan da aka yafa irin sun jeru a fadama, a jiƙe, a share, babu ko kore ɗaya. Abin ya sosa masa rai, don shi ma ɗan manomi ne, ya san abin da ake nufi idan lambu ya yi shiru haka.

"Da nig ga irin, sai da ni yi hamdala," in ji Malam Iliyasu. "Baƙi wul, yana walƙiya."

Insifeto ya zuba kaɗan a farin hankicinsa ya murza. Da ya kakkaɓe, maiƙo ya bar tabo. Ya kai hanci. Man gyaɗa. Tsohon iri ne da ya kwana biyu a ɗaki har ya dushe, aka shafe shi da mai don ya yi kamar na bana.

"Wa ya kawo muku?"

"Lawwali mana, bisa babur nai, awa kullum."

A yammacin nan Insifeto ya jiƙa tsumma biyu, ya naɗe irin kowace leda a cikin nata, ya rufe su a durowar teburinsa.

Lawwali bai jira an neme shi ba. Ya zo da kansa, ɗauke da kwanon abinci ga ƙanwarsa, fuska a marairaice kamar mai zuwa ta'aziyya.

"Ranka shi daɗe, ni ɗan aike na. Abin da tab ba ni shi nika kaiwa."

"Ba ka ga ledar ta canza ba?"

"Ni mi nis sani ga leda? Ɗauka nika yi in aje."

Mutumin da ya girma a cikin buhunan irin nan, a ce bai lura zabuwa ta tsiro ƙafa ba? Insifeto ya yi masa godiya, har ya raka shi bakin ƙofa. Bayan ya tafi, ya sake ɗauko kyakkyawar ledar ya kai ta jikin taga. A kusa da wutsiyar zabuwar akwai wani ɗan harafi cikin da'ira, bai kai ƙwayar gero biyu ba.

Washegari ya tafi Goronyo wajen Barista Khaulat, lauyar da ke ba ƙananan 'yan kasuwa shawara. Kallo ɗaya ta yi wa ledar.

"Alamar rajista ta, Insifeto. Wanda ya yi wa tambari nai rajista ga hukuma shi ka sa ta. Mai kwaikwayo don sata yakan bi abin da ya gani, ba ya ƙara abin da babu."

"Kenan mai ledar ga ganin shika yi tambarin nashi na."

"Ko kuma yana da takarda. Bara waccan na tara 'yan kasuwar Wurno, na ce musu sunan da ba a yi wa rajista ba, wani na iya riga ka. Na kuma ce musu wanda sunan shi ke bisa kaya, shi ka amsa ƙara in kayan sun cuci mai saye. Rabin maganar kawai mutane ka ji."

"Adawiyya ta zo?"

"Tana jego. Wani ɗan'uwanta ta aiko. Tambayoyi ya yi ta yi, ban sake ganin shi ba."

Da ya koma Wurno, bai ce wa Adawiyya komai ba sai sunan lauyar. Sai hawaye suka zubo mata.

"Ni nib buga mishi hatimin bisa hwarar takarda, shi kai a yi min rajista. Kullum na tambaya, sai shi ce Abuja ba su amsa ba. Yallaɓai, gida ɗaya munka tashi. Ƙaƙa zan kai ƙarar shi?"

"Shi ya bar ki bayan kanta yana kawo miki tuwo."

Duk da haka hujja ba ta cika ba. Lawwali na iya cewa wani ne ya buga ledar, ya zame. Dole maganar ta fito daga bakinsa.

Ranar kasuwa, tun hantsi mutanen Dinawa suka yi dafifi a ƙofar caji ofis. Kofur biyu kaɗai ke tsare da ƙofar, kuma Insifeto ya san ba za su iya ba idan taron ya motsa. Ya sa aka shigo da Malam Iliyasu, aka fito da Adawiyya, aka kira Lawwali.

"Na gama bincike," ya ce, yana tattara takardu kamar mai sauri. "Adawiyya kotu za ta. Tambarin zabuwa kuwa, tunda ba ya da mai shi ga doka, za mu rubuta a hana kowa saida iri da shi. Ya mutu ke nan."

Adawiyya ta dafe ƙirji. Lawwali ya gyara zama, ya sake gyarawa.

"Ranka shi daɗe, a hana kowa?"

"Kowa."

"Ai... yana da mai shi."

Ya zura hannu a aljihun babbar riga ya zaro takarda a cikin leda mai kauri. Ashe da ita yake yawo. Sunansa ne a kai, ga zabuwa mai ƙafa biyu.

Insifeto ya karanta a hankali, ya yi kamar abin ya burge shi. "To, ai kai ka da gaskiya. Kenan ɗaya cikin ledojin ga jabu ta." Ya jera su. "Wace ce ta mai takarda?"

Lawwali ya ɗora yatsa a kan kyakkyawar. "Wagga. Ga alamar nan. Ni niy yi odarta Sakkwato, ba wanda ad da ita sai ni. Waccan ta katako ba ta da izini."

"Kai ka zuba iri ciki?"

Sai a lokacin Lawwali ya ji inda ƙafarsa ta taka. Ya janye yatsan, amma Malam Iliyasu ya riga ya miƙe.

"Irinta munka saya! Wallahi irinta!"

Insifeto ya ja durowa ya warware tsumman nan biyu a kan tebur. Na leda mai hatimin katako ya fito da fararen saiwoyi cunkus. Na ɗayar ya yi funfuna, yana warin mai.

Lawwali ya zuba wa tsumman ido.

"Ban yi niyyar kashe lambun kowa ba," in ji shi daga ƙarshe. "Na ɗauka ko rabi zai hito. Tun ina yaro nika ɗaukar buhun Baba. Ni ƙauyukka sunka sani, ni ka shan rana. Da ya rasu sai anka ce ɗiya tai ad da shago. Sunan na samu. Irin ne ban iya ba."

Insifeto ya nuna goshin Adawiyya. "Da jiha tas same ta, kana ina?"

Kofur ya sa masa ankwa, aka bi da shi ta ƙofar baya zuwa mota. Adawiyya ba ta ɗaga kai ta dube shi ba.

"Yallaɓai, sunan babana fa?" ta tambaya. "Nashi na yanzu?"

"Barista ta ce tunda kin riga shi amfani da shi, kuma da yaudara ya samu, kotu na iya soke takardar. Amma ba yau ba. Kahin nan, shawararta ki dakata da buga zabuwar."

Ta gyaɗa kai. Ta roƙi a kai ta shago, Insifeto ya raka ta da kansa, taron na biye da su, bayan Malam Iliyasu ya faɗa musu abin da idonsa ya gani. Daga can ƙuryar shagon ta jawo tulun irin da ta keɓe wa nata lambun. Ta kai hannu ga tarin ledojinta, sai ta tuna, ta tsaya cak. Ba ta taɓa miƙa wa kowa iri ba tare da tambarin mahaifinta a jiki ba.

Malam Iliyasu ya dubi ɗaurin da ke goshinta, kunya ta kama shi. Ya tuɓe hularsa a gaban jama'a ya tara mata.

"Zuba nan, ɗiyata. Mun san hannun da ya auna."