Ranar da Khalilu Ya Juya da Mota

Ranar da Husaina ta fara ganinsa, yana durƙushe ne gefen wata tsohuwar Landkuruza a bakin titin unguwar Darrasa a Alƙahira, yana duba iskar taya. Hantsi bai ɗaga ba tukuna. 'Yan mata goma sha ɗaya suka taru a wurin, kowacce da jakar goyo da gorar ruwa, za su wani kwari mai tafkuna a cikin duwatsun da ke kusa da Bahar Maliya. Anti Mahasin ce ta haɗa tafiyar, wata Bahaushiyar Sudan da ke maƙwabtaka da su Husaina a unguwar Ard al-Liwa, kuma don ita kaɗai aka bar Husaina ta fito.

Husaina ta gaji da tsayuwa. Ta matsa kusa da shi ta tambaye shi da Larabcin Masar yaushe za su tashi. Ya ɗago ya dube ta, ya dubi ƙafarta, sannan ya amsa da Hausa, Hausar mutanen Nijar.

"Sai kin sake takalmi, ƙanwata. Dutsen can ba a hawansa da silifa."

Kunya ta kama ta, haushi ya biyo baya. Anti Mahasin ta zaro mata wani kambas daga jaka tana dariya, ta ce ai Khalilu ke nan, ko ita sai da ya taɓa mayar da ita gida.

Shekarar Husaina ashirin da uku. Tana da tara mahaifinta, Alhaji Ɗantsoho, ya kwaso su daga Gusau ya kafa shago a kasuwar Ataba, yana tura abaya da takalma gida. Ita da 'yar'uwar tagwaicinta Hassana suka girma a ɗaki ɗaya a hawa na shida, tagarsu na kallon bangon maƙwabta. Bara aka aurar da Hassana ta koma Gusau, tun daga nan ɗakin ya yi wa Husaina ƙunci. Ba ta iya zama. Ta tashi ta leƙa taga, ta koma, ta ɗauki waya, ta ajiye. Ummanta har cewa take kamar an sa mata ƙaiƙayi a ƙafa.

Bayan awa uku a kan kwalta, motocinsu biyu suka sauka daga titi. Khalilu ya fita ya rage wa tayoyi iska, ya ce kowa ta riƙe abin da ke gabanta. Daga nan babu hanya sai sawun wasu tayoyi da ke ɓacewa a cikin tsakuwa. Motar ta riƙa tsalle tana karkata, duwatsu na dukan cikinta, 'yan mata na salati. Husaina kuwa dariya ta ƙwace mata, irin wadda rabonta da ita tun bikin Hassana. Ya kalle ta ta madubi sau ɗaya, ya mayar da idonsa kan hanya.

Inda mota ta ƙare, ƙafa ta karɓa. Kwarin ya riƙa tsukewa har bangayen dutse biyu suka kusa haɗuwa a sama. Akwai wurin da sai da igiya ake hawa. Husaina ta yi ta wuce kowa, shi kuma yana kiranta ta dawo, yana cewa ba a wuce ja-gaba. A karo na uku ya tsaya ya ce mata, wannan gaggawa tata, ina za ta kai ta ne?

Ita ma tambayar da take yi wa kanta ke nan.

Tafkuna uku ne, ɗaya bisa ɗaya, ruwansu kore shar, ana ganin tsakuwar ƙasa. Khalilu da ɗaya direban suka koma can ƙasa bayan wani ƙaton dutse suka hura wutar shayi, suka bar mata su kaɗai. Husaina ba ta iya iyo ba. Ta shiga da kayanta har ruwan ya kawo mata ƙirji, sanyinsa ya ɗauke mata numfashi. Ta tsaya a nan tana kallon siririn sararin sama da ke tsakanin duwatsun, ba ta ko motsa ba har Anti Mahasin ta kira ta.

A hanyar dawowa ta tambaye shi yadda aka yi Bahaushe ya san wannan daji. Ya ce shi ɗan Tawa ne, karatu ya kawo shi, shekara biyu ke nan da ya gama. Aikin hutu ya fara wurin wani dattijo Balaraben daji, Hajji Mu'tasim, mai motocin, saboda yana jin Faransanci yana yi wa baƙi tafinta. Dattijon ya koya masa tuƙi a rairayi da karanta dutse da iska, shi kuma ya ji ba zai iya komawa tsakanin bango huɗu ba.

Bayan kwana huɗu ya nemi lambarta ta hannun Anti Mahasin.

"Assalamu alaikum. Khalilu ne, direban da ya raina silifarki. Ina neman afuwa, ina kuma neman izinin in riƙa gaishe ki."

Ta karanta ya fi sau goma kafin ta amsa. "Wa alaikumus salam. Afuwa an yi. Izini kuma sai an duba halinka, Malam Direba."

Haka aka fara. In yana daji babu sabis, sai ta yi ta zagaye a shagon mahaifinta tana jera kwalayen da ta riga ta jera. In ya fito, saƙonninsa su shigo a jere.

"Gaggawata, yau na ga sawun barewa a bakin tafki na biyu. Ita ma ba ta tsaya ba. Na ce lalle danginki ce."

"Direbana, Alƙahira ta ishe ni. Hon, hayaƙi, hon. Ka ɗebo mini shirun can a gora."

Wata biyar suna haka kafin ya ce zai je ya gaida Alhaji.

Alhaji Ɗantsoho yana da nasa shirin. Akwai Ja'afar, ɗan amininsa da yake so ya haɗa ta da shi, mai karatun digiri na biyu a fannin hadisi, yaro natsattse da ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Husaina ba ta ƙi shi don wani aibu ba. Kawai in yana magana sai ta ji idonta na neman ƙofa.

Sau uku Khalilu yana zuwa Ataba, sau uku Alhaji yana barinsa tsaye a bakin shago. A na ukun ne ya faɗa masa abin da ke ransa. Ya ce an gaya masa direbobin daji irinsu su ne masu tsallakar da mutane iyaka a ɓoye, wasu su isa, wasu a bar su a rairayi. Khalilu ya fito da takardun zamansa da na aikinsa. Alhaji bai ko karɓa ba, ya ce takarda kowa na iya samu.

"To Baba, ka zo ka ga aikin da idonka," in ji Khalilu. "Rana ɗaya kawai. In ka ga abin da bai yi maka ba, ba za ka sake ganina a nan ba."

Umma ce ta yi ta lallashi har ya yarda. Amma ya ce da Ja'afar za a je.

Husaina ta ɗora duk begenta a kan wannan rana. Ta tabbata in mahaifinta ya ga tafkunan nan, ya ga yadda Khalilu ke riƙe igiya yana ƙirga mutanensa a kowace kwana, zuciyarsa za ta sauko. Kuma da farko kamar hakan za a yi. Alhaji ya yi ta mita a kan kwalta, amma da aka shiga duwatsu sai ya gyara zama, ya fara ba su labarin yadda suke hawan dutsen Kwatarkwashi suna samari. Har ya tambayi Khalilu dalilin rage iskar taya, ya saurari amsar yana gyaɗa kai.

A bakin kwarin Khalilu ya tsayar da mota. Ya fita, ya hau wani tudu, ya daɗe yana kallon yamma. Husaina ta bi idonsa. Can nesa, a kan ƙololuwar duwatsu, akwai wani ɗan baƙin gajimare. A kansu kuwa rana ce tarwai.

Ya sauko ya ce ba za su shiga ba. Ya bayyana cewa in aka yi ruwa a can sama, duk a wannan tsukin yake gangarowa, kuma mutum ba ya jinsa sai ya iso. Ja'afar, cikin ladabi, ya ce ya duba hasashen yanayi da safe, ba a ambaci ruwa ba. Alhaji ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dubi Khalilu.

"Awa huɗu ka jijjiga mini ƙashi, yanzu ka ce mu koma? Ni na ce mu shiga."

"Ka gafarce ni, Baba. Ba zan shiga da ku ba."

Husaina ta zagaya bayan mota inda yake mayar da igiya. Ta roƙe shi ko tafki na farko su kai, minti arba'in ne kawai. Ta ce ya san abin da zai biyo baya in suka juya.

"Na sani," ya ce, bai dube ta ba. "Ma'alish, ki yi haƙuri, Husaina. Shiga mota."

Har suka iso Alƙahira ko ɗigo ɗaya bai sauka a gilashin motar ba. Alhaji ya fita a ƙofar gida bai amsa sallamar Khalilu ba.

Tana hawa bene ta rubuta masa. "Rana ɗaya aka ba mu, ka zubar da ita saboda gajimaren da bai kai tafin hannu ba. In tsoron aurena kake, da ka faɗa tun farko. Khalas, shi ke nan."

Amsarsa ta zo kafin ta cire mayafi. "Gaggawata, ina sonki fiye da yadda na iya faɗa. Na gwammace a hana ni ke kina raye. In an sake mayar da ni wurin, haka zan yi."

Ba ta amsa ba. Kwana shida tana ɗaukar wayar tana ajiyewa. Abinci ya ƙi shiga. Ta ji Umma na waya da Hassana ƙasa-ƙasa, ana ambaton zuwan mutanen Ja'afar ranar Juma'a. Ta wanke kayan da ba su yi datti ba, ta sauka bene ta hau ba tare da ta sayo komai ba. Wani lokaci ta ji ta tsane shi, wani lokaci ta tuna yadda yake naɗe igiyar nan ya kasa dubanta.

Ranar Alhamis bayan azahar, shago babu kowa, Alhaji ya ce ta bar kwalayen nan ta zo ta zauna. Ya ce ya nemi lambar Hajji Mu'tasim ya kira shi, ya tambaye shi ko ruwa ya sauko kwarin a ranar.

"Bai sauko ba," in ji Alhaji. "Ko kaɗan."

Husaina ta sunkuyar da kai, hawaye suka taru mata.

Ya ce shekara talatin yana hulɗa da direbobi, ya san irin waɗanda in mai kaya ya ce a bi ta wuta za su ce to, don kada su ɓata masa. Kwana shida ke nan yana juya abin a ransa. Yaron nan ya san me yake nema a wurinsa, ya san kalma ɗaya za ta iya raba shi da ita, amma ya dube shi ya ce a'a.

"Wanda ke zubar da mutane a rairayi ba ya juyawa don gajimare, Husaina. Na zalunce shi da zato."

Ya ƙara da cewa ya riga ya zauna da Ja'afar, kuma yaron ya karɓa da mutunci, har ya ce shi ma abin da ya gani ke nan. Sannan ya ture mata wayarta da ke kan tebur, ya tashi ya ce zai je ya duba wasu kaya a layin baya.

Ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge. Daga ƙarshe ta tura. "Direbana, na yi maka rashin adalci, ka yafe mini. Baba ya ce ka turo manyanka. Kuma don Allah, wannan karon ka yi gaggawa."

Minti ɗaya bai cika ba ya amsa. "Alhamdu lillahi. Ban taɓa riƙe ki ba. Ina Darrasa, ga ni nan tafe da ƙafa, mota ba za ta yi mini sauri ba."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure a wani ƙaramin masallaci a Darrasa, bayan sallar Juma'a. Kawun Khalilu ya zo daga Tawa, Hassana ta zo daga Gusau da jaririnta a baya, Hajji Mu'tasim ya sauko daga duwatsu da rago a bayan mota. Ja'afar ne ya yi addu'ar rufewa. A Ard al-Liwa kuwa Anti Mahasin ta cika benen da turaren wuta da guɗa, har maƙwabta Misirawa suka fito suna taya su.

Da la'asar, da za a tafi da amarya, Alhaji ya kira su biyun falo. Husaina ta durƙusa gabansa tana kuka cikin mayafi. Ya ɗora hannu a kanta ya daɗe yana sa mata albarka, sannan ya juya ga Khalilu.

"Ga ta nan, na ba ka amana. Ka kai ta duk inda ranta ke so, don ni na kasa zaunar da ita. Amma duk ranar da ka hango abin da ba ta hango ba, ka juyo mini da ita lafiya, ko za ta yi shekara tana fushi."

"In sha Allahu, Baba."

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuriya ta gari, Ya sa ku tsufa tare."

Duk ɗakin aka amsa da amin. Husaina ta miƙe, Khalilu ya matsa gefe ya ba ta hanya, suka sauka benen tare.