Kafar da Na Toshe a Tsakiyar Titi

Gab da magariba ɗan kwangila ya aike ni in toshe kafar da ke jikin shingen ƙarfen tsakiyar sabon titi. Ni mai walda ne, kuma karo na uku ke nan.

Kai, Allah wadan wanda ya zana titin nan! Ya tsaga unguwa biyu, gidaje a nan, famfo da asibiti a can, gadar tsallakawa kuwa sai ka yi tafiyar rabin awa. To, mutane fiffike gare su? Dole suka yanke sanda biyu a shingen suna bi. Ni kuma da an ce toshe sai in toshe, su sake yankewa, ban taɓa sanar da kowa ba. Toshewar farko ta ci mutum biyu. Ta biyu ta ci gwaggona: ta tsallako da bokiti, ta tarar ba hanya, ta juya, tirela ta iso. Duk da haka na koma, don tsabar rashin zuciya.

Na ja waya daga janareta, na tsuguna kan ɗan dakalin shingen. Motoci na wucewa fuu, iska na fizgar rigata. Na sauke gilashin walda a fuska. Baƙi ne wuluk, ba a ganin komai ta cikinsa sai tartsatsi.

Amma na ga ƙafafu.

Jere suke, ba takalma. Ƙaurin taya ya cika mini hanci. Ruwa na ɗiga, ɗis, ɗis.

Na ɗaga gilashin. Ba kowa.

Na sauke. Sun matso.

"Ɗan nan," muryar Gwaggo ce, can ƙasa-ƙasa. "Da safe fa a buɗe take."

Ta ƙara da cewa:

"Matsa mu wuce. Mun gaji da tsayuwa."

Wani hannu mai sanyi ya dafa kafaɗata, ya tura. Sai ga ni a kan kwalta. Hon! Ƙarar birki! Na mirgina, gilashin ya fice, taya ta niƙe shi dab da kunnena.

Washegari na koma na faɗaɗa kafar. Ɗan kwangila ya kore ni, ya kawo wani mai waldar. Na gargaɗi sabon mai waldar, ya ce tsoro ne ya taɓa mini kai, ya toshe ta.

Yanzu kowace yamma ina bakin titin, ina wa masu tsallakawa ihu su koma. Wasu sukan koma. Wasu ko waiwaye ba sa yi, motoci kuwa ta cikinsu suke wucewa.