Wanda Ya Kira Hankaka a Bayan Gida

Ranar bikin gari aka sace wa Aling Luming rikoda. Ta iso ofishin 'yan sanda da takalmi ɗaya.

"Su riƙe rikodar, Yallaɓai," ta ce wa Sufeto Dimaculangan. "Kaset ɗin ciki nake so. Muryar ɗana Nato ce, wanda teku ta cinye bara. Ba ni da wata."

Sufeto ya tarar da maza huɗu a ƙofar gidanta suna shan giyar kwakwa. A garinmu kofi ɗaya ake zagayawa da shi, mutum ɗaya ke zubawa, kuma ba a tsallake kowa.

"Wa ya tashi daga nan?"

"Poldo kaɗai, aminin marigayin," in ji Mang Isko mai zubawa. "Ya zaga baya kiran hankaka."

Haka muke ce wa amai, don in mutum ya durƙusa yana "uwak, uwak", sai ka rantse hankaka yake kira. "Uwak" ɗin ma shi ne sunan tsuntsun a yarenmu.

"Duk mun ji shi," wani ya ce yana dariya. "Ragon banza, kamar zai amayar da hanjinsa!"

Sufeto ya zaga baya. Ƙasa a bushe ƙayau, sai sawun takalmi a gindin taga. Ya dawo.

"Kofi nawa Poldo ya sha?"

Mang Isko ya sosa ƙeya. "Gaskiya tun rasuwar Nato bai ƙara sha ba. In zagaye ya zo kansa, ƙasa yake zuba wa abokinsa."

"To, me ya amayar?"

Aling Luming ce ta dafe ƙirji.

"Wayyo! Da haka kaset ɗin ya fara. Nato yana kwaikwayon yadda jirgin ruwa ya juya masa ciki, yana kiran hankaka don ya ba ni dariya."

A ƙarƙashin wani kwalekwale da aka kife Sufeto ya samu Poldo, rikoda a ƙirjinsa.

"Tsinta na yi, Yallaɓai."

"A cikin ɗakin tsohuwa ka tsinta?"

Poldo ya sunkuyar da kai. "Ni na ɗauka. Ina fitowa hannuna ya danna maɓalli, sai ga Nato yana magana. An ce ya gaishe ni a ƙarshe, amma Innarsa ba ta yarda kowa ya ji. Wallahi na fara manta muryarsa, shi ne abin da ya firgita ni."

Abin tausayi, bai ma kai wurin gaisuwar ba, batir ya mutu.

Sufeto ya kama hannunsa suka nufi mota. Aling Luming ta tare su a hanya, ta karɓi rikodar ta rungume. Ta dubi Poldo.

"Cewa Nato ya yi, 'Ki gaya wa Poldo ya ajiye mini kofina.'"

Poldo ya shiga mota yana kuka kamar yaro. Sufeto bai sa masa ankwa ba.