Ruwan Da Ya Rage A Tanka

Matar da ta shigo ofishin Sufeto da hantsi tsohon ciki gare ta, ƙafafunta sun kumbura har silifas ya ƙi shiga sosai. Ta ƙi zama. Mijinta mai gyaran wuta ne, ya tafi aiki wani otal da ake gyara wa tafkin ninƙaya, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

"Dangi sun ce gudu ya yi don ya ga haihuwa ta matso," in ji ta. "Yallaɓai, mutumin da ko kasuwa zai je sai ya faɗa mini? Ni dai a gaya mini ko yana raye."

Sufeto ya daɗe a aikin nan, ya san irin maganar da ake yi wa mata a sallame su. Wannan karon bai yi ta ba. Ya ɗauki hularsa, ya kira Saje.

Manajan otal ɗin ya tarbe su da fara'a har kunne, irin wadda ba ta kai ido.

"Ya gama aikinsa ya tafi, ranka ya daɗe. Fitilar cikin ruwa ya gyara."

"Wane gyara aka yi wa tafkin?"

"Tayil kawai muka canza."

"Kawai?"

"Kawai."

Suka fita bakin tafkin. Sufeto ya tsaya nesa-nesa, don shi da ruwa ba sa ga maciji tun yana yaro, ko a bahon wanka ba ya son ya wuce masa ƙwauri. Ruwan ya kwanta shuɗi, lumui. Wasu yara biyu suka fito suna kuka suna murza ido, uwarsu na faɗa.

Mai kula da ruwan ya rantse bai ƙara maganin tsaftace ruwa ba. "Awon da na saba shi nake zubawa, Yallaɓai. Tun bayan gyaran nan kowa sai ya fito ido jawur."

Sufeto ya auna maganar a ransa. Gishirin da ya saba daidai a babbar tukunya, idan ya yi yawa, to miyar ce ta ragu.

Da la'asar suka sami direban tankar da ke kawo wa otal ɗin ruwa, yana kwance a inuwar motarsa. Da ya ga kaki ya miƙe zumbur, ya fara rantsuwa tun ba a tambaye shi komai ba.

"Kwantar da hankalinka," in ji Sufeto. "Tankarka lita nawa take ci?"

"Dubu goma."

"Sawu nawa ke cika tafkin?"

"Da dai bakwai da rabi. Amma wannan karon, ina cikin na bakwai, ko nisa ban yi ba, sai ga ruwa yana malala. Manaja ya ce in juye sauran a kan furanni, kuma in kama bakina."

"Ka tambaye shi dalili?"

"Ni? Kallon da ya yi mini ya ishe ni."

Sufeto ya so a ce direban shirme yake yi.

Washegari suka koma da tef ɗin awo. Saje ya ja, Sufeto ya karanta: tsawo mita goma, faɗi biyar. A jikin bango an rubuta zurfi, mita ɗaya a wannan gefe, biyu a wancan.

"Idan ka raba tsakani, ɗaya da rabi ke nan," in ji Sufeto. "Goma sau biyar, hamsin. Sau ɗaya da rabi, saba'in da biyar. Lita dubu saba'in da biyar, tanka bakwai da rabi. Direba bai yi ƙarya ba."

"To ina sauran ruwan ya shiga, Yallaɓai?"

"Ba shiga ya yi ba. Wurin zama ya rasa."

Ya karɓi doguwar sandar da ake kwashe ganye da ita, ya taka zuwa gefen mai zurfi. Ya durƙusa a bakin ruwan, ya zura sandar a hankali, yana kau da kai daga inuwarsa da ke lilo a ƙasa. Sandar ta dunguri ƙasa tun kafin ya shirya. Ya zaro ta, suka auna inda ya jiƙe. Mita ɗaya da rabi.

A daidai wurin, wani ɗan ƙaramin yaro yana wasa da ƙafa a saman ruwan yana dariya.

"A fitar da kowa," Sufeto ya ce wa Saje, murya ƙasa-ƙasa. "A buɗe magudana. Ka nemo masu fasa kankare."

Manaja ya iso da sauri, fara'ar ta gudu.

"Ranka ya daɗe, baƙi fa..."

"Ka ce tayil kawai ka canza. Wa ya ɗaga ƙasan tafkin?"

"Baƙi ne suke tsoron zurfin."

"Me ya hana ka faɗa jiya? Me ya hana ka goge rubutun bango? Me ya sa direba zai kama bakinsa?"

Magudana ta fara zuƙar ruwa da wani gurnani mai ban tsoro, ruwan yana sauka tayil bayan tayil. Manaja ya ƙura masa ido. Da masu guduma suka shigo, sai ya zauna daɓas a ƙasa.

"Ban yi niyya ba," ya ce. "Mai gyaran wutar ya kashe babban makunni, ya shiga tafkin, akwai ɗan ruwa a ƙasan. Ana taro a zaure, baƙi suna ta ƙorafin zafi. Na manta da shi, wallahi na manta. Na mayar da wuta."

"Sannan?"

"Magina sun tafi cin abinci. Na ga za a rufe otal, a ɗaure ni. Na ja shi lungu, na rufe shi da yashi. Da suka dawo na ce a cike gefen da ɓaraguzai a zuba kankare. Ba su san komai ba."

Saje ya sa masa ankwa, ya ɗaga shi. Sufeto ya juya, sai ya ga matar tsaye a bakin ƙofa, ta dafa bango. Bai san wa ya gaya mata ba, bai kuma san tun yaushe take wurin ba. A duk ranar, nan ne tsoro ya fi kama shi.

Ta tako a hankali har bakin tafkin, ta leƙa.

"Ƙanwata," in ji Sufeto, "mijinki bai gudu ba."

Ba ta yi kuka ba. Ta bi Manaja da kallo ana wucewa da shi, kansa a sunkuye.

"A nan na tsaya ranar da na zo nemansa," ta ce. "A daidai nan. Har kujera ya sa aka kawo mini."