Jan Ƙyalle a Ƙafar Kaka

A ƙauyenmu na yankin Firislan, can ƙasar waje, akwai wata yarinya 'yar shekara tara. Ba ta da mugunta, amma hannunta ba ya zama wuri ɗaya. In ka ji gishiri a kwanon sukari, kada ka wahalar da kanka da bincike.

Shanu sittin gare su a gida. Wata rana saniyarsu Marike ta fara ɗingishi. Likitar dabbobi ta duba kofaton, ta yi mata allurar wani magani mai suna tetarasaikilin. Baba ya ɗaura wa Marike jan ƙyalle a ƙafa.

"Baba, kwalliya ce?" in ji yarinyar.

"Ba kwalliya ba ce. Saniyar da ke da wannan, ba a haɗa madararta da ta sauran. Kada ki taɓa."

Kashegari Baba da Mama suka tafi biki cikin gari. Maƙwabcinsu Wibe ne zai yi tatsar yamma. Shi kuwa bai san shanun ba, ƙafa kawai yake dubawa.

Yarinya ta ga Kaka yana barci a kujera. Ya tuɓe takalmin katako, ya miƙe ƙafa. Dabara ta faɗo mata. Ta ruga garke, ta kwance ƙyallen, ta zo ta ɗaura wa Kaka.

Barcin Kaka ya yi nisa. Har Wibe ya gama tatsa ya tafi bai motsa ba. Da yake Wibe bai ga ƙyalle a ƙafar Marike ba, ya haɗa madararta da ta sauran.

Da ya farka, yarinya ta ce, "Kaka, an hana tatsarka sai ka warke!"

Kaka ya ƙyalƙyale da dariya. "Ja'ira! Tsohon bijimi za ki tatsa?"

Can sai dariyar ta tsaya. "Ke, ina kika samo wannan?"

Ta so ta ce a akwati ta gani. Amma ta tuna motar madara za ta zo da safe. Ta sunkuyar da kai.

"A ƙafar Marike."

Da su Baba suka dawo, ita da bakinta ta faɗa masa. Baba bai yi faɗa ba. Ya kai ta gaban babban tankin madara.

"Duba ciki. Me kika gani?"

"Madara ce fara tas, Baba. Ba komai a ciki."

"Akwai. Maganin yana bin jinin saniya, ya shiga madararta. Ido ba ya ganinsa. Kuma magani ne mai son ƙashi da haƙori. In ya samu haƙorin yaro yana girma, sai ya manne, haƙorin ya rine. Shi ya sa ba a ba ƙananan yara shi. Wa ke shan madararmu?"

"Yara," ta ce a hankali. "Har da 'yan ajinmu."

Baba ya buga waya, ya ce motar kada ta zo. Ya buɗe famfon tanki. Madarar ta kwarara cikin ramin taki, yarinya tana kallo tana hawaye.

Ranar Asabar ƙawayenta suka tafi iyo. Ita kuwa tana garke da buroshi da bokiti, tana wanke ƙasa.

Kwanakin da likita ta ɗiba suka cika. Marike ta daina ɗingishi. Baba ya kira yarinyar.

"Yau kam kwance shi. Na ba ki izini."

Ta kwance. Kaka ya yi sauri ya ɓoye ƙafafunsa ƙarƙashin kujera. Kowa ya fashe da dariya.

Yara, wasa da daɗi, ni ma ina taɓawa. Amma alamar da aka sa don magani ba abin wasa ba ce. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa da wuri, tun kafin mota ta zo.