Yatsan Ungozoma

"Kin janye!" Haka Ciyaman ya daka mata tsawa a ƙofar ofishin jam'iyya, yana kaɗa wata takarda a saitin hancinta. "Ga dangwalenki nan. An yi maslaha, surukina ne ɗan takarar kansila!"

Ungozoma ta yi tsaye kamar an dasa ta. Wai ita ce ta janye! Ita da mijinta marigayi suka buɗe ofishin nan tun yana rumfar kwano mai benci biyu, kuma wannan mai kumfar bakin ƙanin mijin nata ne, wanda ta yi wa wanki da guga har ya yi gemu. Tun ranar da matan mazaɓa suka matsa mata ta tsaya takara don a gyara ɗakin haihuwar da rufinsa ke zuba, ya ɗaura mata ɗamarar gaba. Ya kore ta daga gidan ɗan'uwansa, ya sa aka yayyage fastocinta, ya bi gari yana cewa jarirai a hannunta suke mutuwa... Kaico! Wanda ka goya shi ya san inda bayanka ke ciwo.

"Ƙanina, ka ji tsoron Allah," ta ce, hawaye na zuba. "Yaushe na dangwala?"

"Ni ba ƙaninki ba ne! Zumuncinmu yana kabari. Jahila da ke, ko sunanki kin iya rubutawa?"

Ta koma ɗakin da wata maƙwabciya ta ara mata, ta kifa goshi a sallaya tana kuka. "Ya Allah, Kai ne shaidata, ba ni da kowa sai Kai!"

Ranar zaɓen fid da gwani, da hantsi, filin makaranta ya cika maƙil. Dokar jam'iyya ita ce kowa ya bi layi bayan ɗan takararsa a ƙirga, amma hoton suruki kaɗai aka kafa. Wakiliyar uwar jam'iyya tana shirin sanar da shi babu hamayya, sai Ungozoma ta ratso taron.

"Ranki ya daɗe, a kawo tawada."

Ta danna babban yatsan dama a farar takarda, ta danna na hagu. Dunƙulen baƙi biyu suka fito sumul, babu zane ko ɗaya. Dangwalen da ke takardar janyewar da Ciyaman ya kawo kuwa, ga layuka nan raɗau!

"Shekara tara ke nan," ta ce, muryarta na tashi, "da gobara ta kama ofishinmu. Da hannuwan nan na ciro rajistar 'yan jam'iyya daga wuta, fatar ta saluɓe. Kai Ciyaman ba ka sani ba, don ta taga ka dire, kuma wata biyu ina jinya ko sannu ba ka zo ka yi mini ba!"

Fili ya kaure da salati. Wakiliya ta kama hannun Ciyaman da kanta ta dangwala, zane ya yi daidai da na takardar. Tir! Nan take ta dakatar da shi, 'yan sanda suka tasa ƙeyarsa, hularsa a ƙasa.

Ba a ma nemi hoton Ungozoma ba. Mata suka jeru a bayanta, da masu goyo da masu ciki, da samarin da ta yanke wa cibiya, layi har ya fita ƙofar makaranta. Suruki ya waiga bayansa, mutum shida ya gani, biyu ma suna sulalewa.

Ungozoma ta dubi yatsunta masu tawada, ta share hawaye da bayan hannu. "Alhamdu lillahi," ta ce. "Ranki ya daɗe, ƙirga."