Bugun Hannu Arba'in

"To me kake so in gaya wa Baba, Shakiru? In ce mutumin da na kawo masa yana gudun ruwa kamar kyanwa?"

A bakin garejin su Shakiru na Magazin, unguwar makanikai ta Suame a Kumasi, Salwa ta faɗi haka, da kwandon bandar kifi a kanta, sauran makanikai suna ji. Shakiru ya goge hannu da tsumma, ya ce ta rage murya. Ba ta rage ba.

Uban Salwa, Baba Mumuni, mai jirgin ruwa ne a garin Yeji, a bakin Volta. Ita kuwa a Kumasi take sayar da kifin da yake aiko mata. Sharaɗi ɗaya tsohon ya kafa: ranar Babbar Sallah zai ɗauki Shakiru a jirgi, ya sauke shi cikin ruwan Volta, ya yi iyo zuwa gaɓa. Ya ce ya sha gani da idonsa, in jirgi ya daki kututture, wanda bai iya ruwa ba yakan cafke wanda ya iya su nutse tare. Ba zai ba da 'yarsa ga mai shaƙe ta ba.

Abin da tsohon bai sani ba, kowa a Zongo, unguwar su Shakiru, ya sani. Shekara ashirin da suka wuce ambaliya ta tafi da Yusif, yayan Shakiru, a rafin Aboabo. Ranar da aka kawo gawar, uwarsu Mma Ajara ta ɗora hannun Shakiru a kanta, ta sa ya yi alkawari ba zai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba.

"Masoyina," Salwa ta sassauta da ta ga idonsa, "wata huɗu ne fa. Ni ina 'yar shekara biyar na koya. Mma ba sai ta sani ba..."

Haka ya je wajen Mutala, wani tsohon soja da ke koyar da ninkaya a tafkin wani otal ta wajen Krofrom. Mutala ya ji labarin, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce wata huɗu za su ba shi tsawon tafkin nan sau ɗaya, in ya dage sau biyu. Volta kuwa sai shekara, kuma da mutum a gefensa.

"Ka manta da Yeji, malam. Ka ga bangon can? Shi ne Yejinka."

Sannan ya miƙa masa buroshi da sabulun alata. Ya ce babu mai shigar masa ruwa da baƙin mai a farce.

Satin farko ba abin da ya yi sai tsoma fuska yana hura iska. Ƙato mai shekara talatin da ɗaya, wanda ke ɗaga giyabos ɗin mota shi kaɗai, ga shi riƙe da bakin tafki ya ƙi saki. Duk sanda ruwa ya rufe masa kunne, fuskar Yusif yake gani. Sati na uku ya kwanta a bayansa bai nutse ba. Wata guda ya yi bugun hannu bakwai, ya sha ruwa, ya yi amai. Mutala ya ce gobe takwas, kada ya sake ya nemi goma. Kullum bayan sallar asuba yake zuwa, kafin a buɗe gareji, yana ƙirga bugunsa kamar mai jan carbi.

Ya ɓoye gajeren wandon ninkayar a gareji. Jan ido ya ce hayaƙin walda ne. Hannunsa ne ya manta.

Wata Juma'a suna cin tuwo da miyar ayoyo a kwano ɗaya, Mma Ajara ta tsaya da loma. Shekara goma sha biyar rabon da ta ga farin farcen ɗanta. Ta kamo hannun, ta juya shi, ta sunsuna. Warin maganin ruwan otal yana jikin fatar.

"Tun yaushe?"

"Mma, akwai mai koyarwa, ruwan ma bai..."

"Tun yaushe, na ce."

"Wata uku."

Ba ta yi kuka ba. Ta ja kwanon gabanta, ta ce 'ya'ya biyu ta haifa, ruwa ya ƙwace ɗaya da ƙarfi, ɗayan kuwa ya kai kansa da ƙafarsa saboda mai kifi. Daga ranar ta daina amsa gaisuwarsa.

Ranar Sallah ya isa Yeji da bugu arba'in a hannunsa. Arba'in, sannan numfashi ya ƙare, sai ya kama bango. Bayan la'asar Baba Mumuni ya tuƙa shi cikin ruwa. 'Yan uwa sun cika gaɓa da kayan sallah, Salwa a gaba cikin koren leshi. Tsohon ya kashe inji, ya ce bismilla.

Shakiru ya cire riga. Ya dubi gaɓa, ya auna da ido yadda Mutala ya koya masa. Tsawon tafkin otal sau shida, ko fiye. Ruwan ja ne, ba a ganin ƙasa, kuma babu bango.

Ya ce arba'in yake iyawa. In an matsa da jirgin kusa zai shiga, ko a ba shi shekara ya dawo ya yi daga nan ɗin.

Baba Mumuni ya yi dariyar da ta kai gaɓa. Ya ɗaga murya ya ce ɗan Kumasi yana roƙo a rage masa Volta. Mutane suka kwashe. Ta cikin dariyar muryar Salwa ta ratso:

"Ka faɗa ruwan mana, Shakiru! Don Allah kada ka kunyata ni!"

Ya daɗe yana kallonta. Ta san arba'in ne, shi ya gaya mata jiya a waya. Ya ɗauki rigarsa ya mayar.

Da suka sauka ba ta dube shi ba. Ta ce da ya faɗa ko ya nutse Baba zai ciro shi, su ce ya gwada. Yanzu har jikokinta sai an yi musu gorin wannan rana. Ta cire zoben da ya saya mata a Suame ta jefa cikin jirgin, inda ruwa ya taru da ɓawon kifi.

Washegari ya dawo Zongo. Mma Ajara tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Karo na farko cikin wata guda ta yi masa magana.

"Ka shiga?"

"Ban shiga ba, Mma."

Hannunta ya tsaya. Idonta ya kawo ruwa. "Saboda ni?"

Kalma ɗaya ce, da ya faɗe ta da ya samu uwa. Ya sunkuyar da kai.

"Ya fi ƙarfina ne. Arba'in kawai na iya."

"Ashe da ka iya, da ka shiga."

Ta ɗauki farantinta ta shige ɗaki, ta saki labule.

Ranar Litinin Mutala ya same shi a bakin tafki yana goge farce da buroshi. Bai tambaye shi Yeji ba, fuskar ta isa. Ya ce to yau nawa.

"Arba'in da ɗaya," in ji Shakiru, ya yi maza ya tsoma fuskarsa cikin ruwa kafin tsohon sojan ya ga idonsa.